Ɗibar Tsokar Furostet: Zazzaɓin da Ba a Kwana da Shi a Gida

Idan namiji ya haura shekara 50 fitsari ya fara yi masa gardama, yana tashi sau uku sau huɗu cikin dare, ko ya tsuguna ya daɗe kafin ya zo, likita kan fara da abu biyu: gwajin jini na PSA, da duba furostet da yatsa ta dubura. Furostet wata 'yar tsoka ce a ƙarƙashin mafitsarar namiji, girmanta kamar na goro, hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarta. Yawancin dattawa kumburin tsufa ne kawai ke damunsu. Amma idan PSA ya hau, ko yatsan likita ya ji tauri ko ƙullutu, sai an ɗebi tsoka an duba ta a ɗakin gwaji kafin a tabbatar ko sankara ce ko ba ita ba.

Wannan gwaji ba abin gudu ba ne. Sankarar furostet ce kan gaba a cikin sankarorin da ke kama maza a Najeriya, kuma cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum 15,000 ne suka kamu da ita a ƙasar nan a 2020. Da yawa ba sa zuwa asibiti sai ta kai ga ƙashi. Wanda likita ya ce ya je a ɗebi tsoka, ya je. Sai dai ya tafi da sanin abu guda: babban haɗarin aikin ba zafin allura ba ne, ƙwayar cutar da kan biyo bayanta ce.

Maganar ta fi shafar mutanen da ke nesa da birni, irin na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa. Ba a gida ake yi musu aikin ba. Tura su ake yi Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, ko Asibitin Mafitsara na Abubakar Imam, wasu kuma su nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Aikin bai cika wuce minti 20 ba, a ranar ake sallamar mutum, ya hau motar gida. Idan zazzaɓi zai zo, yakan same shi ne bayan ya yi nisa da likitan da ya san abin da aka yi masa.

Ta ina ƙwayar cutar ke shiga?

Hanya biyu ake bi a kai ga furostet. Wadda aka fi bi a asibitocinmu ita ce ta dubura: a sa siririyar na'urar hoto, allura ta huda bangon hanji ta shiga furostet ta gutsuro 'yar tsoka, yawanci sau 10 zuwa 12. Hanya ta biyu ta fatar da ke tsakanin maraina da dubura ce, inda allurar ba ta ratsa hanji ko kaɗan.

Hanjin kowane ɗan Adam cike yake da ƙwayoyin cuta, komai tsaftarsa. Wadda ta fi jawo matsala ita ce E. coli. Muddin tana cikin hanji zaman lafiya ake yi da ita, amma in allura ta ɗauke ta ta kai ta furostet, daga can tana iya shiga mafitsara, ko maraina, ko jini. Don haka ake ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, wato antibayotik, kafin a fara aikin.

Shekaru masu yawa Ciprofloxacin da danginsa ake bayarwa, suna kuma aiki. Daga baya ƙwayoyin suka koyi bijire musu. Wani bincike da ya bi maza kimanin 75,000 a lardin Ontariyo na Kanada ya gano cewa waɗanda aka kwantar a asibiti cikin wata guda bayan ɗibar tsoka sun tashi daga mutum 1 cikin 100 a 1996 zuwa mutum 4 cikin 100 a 2005, kuma ƙwayar cuta ce ta kwantar da mafi yawansu. A 2019 Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da wannan dangin magani, likitocin mafitsara na can suka koma wasu magunguna da wasu dabaru.

Mu a nan lamarin ya fi tsanani. Babban binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki asara. Duk da haka, mafi yawan waɗanda aka ɗebi tsokarsu lafiya lau suke warkewa. Kimanin mutum 1 zuwa 3 cikin 100 ne ciwon kan kai ga kwantarwa. Abin da ya rage shi ne ka san ko kana cikin waɗanda haɗarin ya fi kusa da su.

Su wa ya kamata su fi taka-tsantsan?

Na farko, wanda ya sha antibayotik cikin wata shida da suka wuce, musamman Ciprofloxacin, Ofloxacin ko Levofloxacin. Wannan ne babba a wurinmu. Zazzaɓi ya kwana biyu, a yi gwajin Widal a ce taifod, a ba da Cipro. Fitsari ya yi zafi, a je kemis a karɓo Cipro. Gudawa ta zo, a haɗa shi da Flagyl. Duk lokacin da ka sha, ƙwayoyin hanji masu rauni suna mutuwa, masu taurin kai su samu fili su hayayyafa. Ranar ɗibar tsoka, in maganin rigakafin da aka ba ka shi ne wanda suka saba da shi, to kamar ba a ba ka komai ba.

Na biyu, mai robar fitsari. Dattijo da yawa sai fitsari ya toshe an sa masa roba sannan ake maganar PSA. Robar da ta yi makonni a jiki ba ta rabuwa da ƙwayoyin cuta, ko da mutum ba ya jin ciwo. Haka wanda ya sha fama da ciwon sanyin mafitsara, ko kumburin furostet mai zazzaɓi, ko kumburin maraina, da wanda fitsari ba ya ƙarewa a mararsa saboda furostet ta girma. Wanda ya taso a bakin Dam ɗin Tiga ko cikin aikin noman rani kuma ya taɓa yin tsargiya, shi ma ya faɗa, domin tsohuwar tsargiya kan bar tabo a mafitsara.

Na uku, mai ciwon suga, musamman wanda sugansa ba ya daidaita. Suga mai yawa a jini yana raunana garkuwar jiki, yana kuma ɓoye alamun ciwo har sai abu ya yi nisa.

Na huɗu, duk wanda garkuwar jikinsa ta yi ƙasa: mai ɗauke da ƙanjamau, mai ciwon ƙoda ko hanta, mai tsohon ciwon huhu, da mai shan Prednisolone ko Dexamethasone. A kula a nan. Haɗin ƙwayoyin ciwon jiki da manomi kan saya a leda bayan wunin gona yana iya ƙunsar irin waɗannan ba su sani ba.

Na biyar, wanda aka kwantar a asibiti ko aka yi masa aiki cikin 'yan watannin nan, da ma'aikacin lafiya, da wanda ke zaune gida ɗaya da ma'aikacin lafiya ko da majinyacin da ya daɗe a gadon asibiti. Ƙwayoyin asibiti sun fi na gida taurin kai. Wanda ya dawo daga neman magani a Indiya ko Masar ya ambata. Mai kiwon kaji ko shanu da ke yawan zuba musu antibayotik shi ma ya ambata, domin Enrofloxacin da ake ba kaji ɗan'uwan Ciprofloxacin ne na jini.

Na shida, wanda aka taɓa ɗibar tsokarsa a baya, balle in wancan karon ya yi zazzaɓi. Mai matsalar ƙofofin zuciya, ko wanda aka sa masa ƙofar zuciya ta roba ko ta ƙarfe, lallai ya sanar tun farko.

Samun ɗaya ko biyu daga cikin waɗannan ba ya hana a yi maka gwajin. Yana sa likita ya canza shiri ne kawai: ya sauya magani, ya ƙara allura, ya ɗage ranar, ko ya bi ta fata.

Abin da za ka yi kafin ranar

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Likita ba shi da hanyar sanin abin da ka sha a Kwanar Dangora ko a Riruwai sai ka faɗa masa. In ba ka riƙe sunaye, tattara kwalaye da ledojin duk maganin da ka sha cikin wata shida, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ka kai masa ya gani da idonsa. Kada kunya ta hana ka ambaton maganin basir ko na ƙarfin maza.

Nemi a yi gwajin fitsari irin wanda ake jira kwana biyu zuwa uku, wanda ke nuna ko akwai ƙwayar cuta da kuma maganin da ke kashe ta. In an samu, a fara magance ta. Ba a ɗibar tsoka a kan fitsari mai ciwo. In ka wayi gari ranar aikin da zazzaɓi, ko zafin fitsari, ko gudawa, ka faɗa a ɗaga. Kuɗin motar da ka kashe bai kai kuɗin kwanciyar mako guda ba.

Mai suga ya auna sugansa a kai a kai cikin makonnin da suka rage, ya sha maganinsa yadda aka tsara. Mai roba ya tambaya ko za a canza ta kafin aikin. Mai shan magungunan tsinka jini, irin su Aspirin, Clopidogrel ko Warfarin, ya sanar, amma kada ya dakatar da su da kansa. Likitan da ya ɗora shi a kai da wanda zai yi aikin su ne za su yanke. Wanda wani magani ya taɓa sa masa ƙaiƙayi, kumburin fuska ko sarƙewar numfashi, ya faɗi sunansa.

Kada ka fara shan antibayotik da kanka kwanaki kafin ranar wai don rigakafi. Wannan ƙara wa ƙwayoyin horo ne. Maganin da asibiti ya ba ka, ka sha a daidai lokacin da aka ce, domin ana so ya kai ƙarfinsa a jini sa'ad da allura ke shiga. Kada ka yi wa kanka wankin ciki da jiƙo ko sabulu, kada ka cusa wani magani a dubura. In asibiti na buƙatar a share hanji, su za su ba ka abin da ya dace.

In an ba ka zaɓin rana, zaɓi farkon mako, don kwanakin farko su faɗo lokacin da asibiti ke cike da ma'aikata. In ranar ta faɗo cikin Ramadan, yi magana da likita tun da wuri, domin za ka buƙaci shan ruwa da magani da rana. Amma kada ka ce sai bayan girbin masara ko shinkafa. Ɗage mako guda daban, ɗage wata huɗu daban.

Tambayoyi huɗu ga likita

Ba rashin kunya ba ne ka ce, “Likita, ina da tambaya.” Tambayi ta wace hanya za a bi, ta dubura ko ta fata. A wani gwaji da aka yi a Amurka aka buga a 2024, ba a samu ciwon ƙwayar cuta ko guda ba a cikin waɗanda aka bi ta fata, alhali an samu a kusan mutum 2 cikin 100 na waɗanda aka bi ta dubura. Wani gwajin na can bai ga bambanci sosai ba, amma ƙungiyar likitocin mafitsara ta Turai ta fifita bi ta fata. Ba kowane asibiti ke da kayanta ba. Ga mai suga, mai roba, ko wanda ya taɓa yin zazzaɓi bayan ɗibar tsoka, tambayar ta cancanci a yi ta.

Tambayi wane antibayotik za a ba ka, ka kuma tuna masa in ka sha irinsa kwanan nan. Akwai wasu da ake komawa gare su, kamar allurar Gentamicin ko Ceftriaxone, ko Fosfomycin. Wasu asibitocin kan shafo dubura da auduga kwanaki kafin aikin, su gwada su ga maganin da ke cin ƙwayoyin mutum, su ba shi wannan.

Tambayi ko za a wanke dubura da ruwan aidin kafin a sa allura. Abu ne mai araha, kuma bincike ya nuna yana rage kamuwa.

Ta ƙarshe: “In zazzaɓi ya zo cikin dare, ina zan nufa, wa zan kira?” Roƙi a rubuta maka 'yar takarda mai ɗauke da ranar aikin, hanyar da aka bi, da sunan maganin da aka ba ka. Ɗauki hotonta a waya, ka sa ta a aljihu.

Bayan an gama

Wasu abubuwan ba na tayar da hankali ba ne. Jini kaɗan a fitsari na 'yan kwanaki, wani lokaci har mako biyu. Ɗigon jini a bayan gida na kwana ɗaya zuwa uku. Maniyyi ya yi ja ko ruwan ƙasa har tsawon wata ɗaya ko fiye. Wannan ba ya cutar da iyali, kuma ba a ɗaukar sankara ta wannan hanya. Ɗan nauyi ko tsami a wurin.

Sha ruwa sosai, sai in likita ya taƙaita maka saboda zuciya ko ƙoda. Ka huta da babur, keke, noma da ɗaukar buhu na 'yan kwanaki. Ci ganye da kayan marmari don kada bayan gida ya yi tauri. Kusantar iyali ka jira kwanakin da likita ya ce. Sayi ma'aunin zafin jiki, ka auna safe da yamma har mako guda. In za ka sha Paracetamol, fara aunawa, domin yana rufe zazzaɓi.

Ga alamun da ba a kwana da su a gida: zafin jiki ya kai 38 a ma'auni; rawar ɗari da makyarkyata; amai da kasala mai tsanani; numfashi sama-sama ko bugun zuciya da sauri; jiri in an miƙe; fitsari ya ƙi fita sam ko ya ragu ƙwarai; maraina su kumbura da zafi; jini mai yawa da gudaji. A wurin tsoho, wani lokaci jiki ba ya zafi ko kaɗan. Sai dai a ga ya yi sanyi, yana yawan barci, yana magana ba kan gado. Wannan ya fi zazzaɓin ma haɗari.

Tarkon maleriya

Nan ne ake yin asara. A damina da kaka, kowane zazzaɓi a ƙauyukanmu sunansa maleriya. Dattijo ya dawo daga Kano, washegari da dare sanyi ya rufe shi, a aika yaro kemis, a yi allurar maleriya, a ce a ga safiya. Ko an yi gwajin yatsa ya nuna maleriya, maganar ba ta ƙare ba, domin mutane da yawa a yankinmu suna yawo da ƙwayar maleriya a jini ba tare da ita ce ke kwantar da su ba, kuma cuta biyu na iya haɗuwa a jiki ɗaya. Duk zazzaɓin da ya zo cikin mako biyu bayan ɗibar tsoka, a ɗauke shi ƙwayar cuta ce ta shiga jini har sai likita ya tabbatar ba ita ba ce.

Kada a ƙara masa Cipro ko ragowar maganin da aka ba shi. Ƙwayar da ta tsallake rigakafin ta riga ta nuna wannan maganin ba ya cin ta. Abin da yake buƙata shi ne a ɗebi jini da fitsari don gwaji, a sa masa wani antibayotik daban ta jijiya, a yi ƙarin ruwa, a riƙa auna bugun jininsa. In ƙwayar ta shiga jini, awoyi ake lissafi ba kwanaki ba. Mutum na iya cin tuwon dare da kansa, kafin asuba jininsa ya faɗi, ƙoda ta tsaya.

Nisa ma haɗari ne

Yawancin wannan ciwo yana bayyana ne cikin kwana uku na farko. Mutumin Bebeji ko Kiru da ke kusa da babban titin Kano zuwa Zariya, in yana da mota a hannu, zai iya komawa gida. Amma wanda gidansa ke Doguwa, ko wani ƙauye a bayan Tudun Wada, tafiyar awoyi ce tsakaninsa da Kano, ba kowane direba ke son ratsa Dajin Falgore cikin dare ba, kuma hanyoyin ƙauye a watan Agusta sai a hankali. Shawarata gare shi ita ce ya kwana uku a Kano ko Zariya, gidan ɗan'uwa ko ɗan gari, kafin ya koma. In yana da suga ko roba, wannan ba zaɓi ba ne, wajibi ne ya ɗauke shi.

In dole sai an koma, a shirya tun da rana: direban da za a kira, mai a tanki, kuɗi a ajiye, waya da caji. In alama ta bayyana, a nufi babban asibiti mafi kusa, a nuna takardar, a ce, “An ɗebi tsokar furostet ranar kaza.” A fara allura da ƙarin ruwa a can, sannan a yi maganar wucewa Kano.

Ga ɗan rakiya

Dattawa ba sa son faɗin abin da ya shafi al'aura, balle a gaban 'ya'yansu. Wani ko matarsa ba zai gaya wa irin gwajin da aka yi masa ba, sai ya ce an duba shi kawai. Lallai mutum ɗaya a gidan ya sani, ya kuma san alamun. In kai ne ka raka shi, kai za ka riƙe takardar da ma'aunin. Kada ka tsaya a “Baba, ya jiki?” domin amsar “da sauƙi” ce ko da babu sauƙin. Taɓa jikinsa, auna shi, tambaye shi yaushe ya yi fitsari na ƙarshe, ka lura da maganarsa. In ya ce a bari sai gari ya waye, ka ba shi haƙuri, ka kira direba.

Bayan kwanakin haɗari sun wuce lafiya, saura abu ɗaya: a koma a karɓi sakamako a ranar da aka sa, a kai wa likitan da ya tura. Jin sauƙin fitsari ba shi ne amsar gwajin ba. In sankara ce, wadda aka kama da wuri tana da magani. In ba ita ba ce, likita zai faɗi lokacin sake auna PSA. In kuma wata rana aka ce a maimaita ɗibar tsokar, a tafi da tsohuwar takardar, a faɗi duk abin da ya biyo bayan ta farko. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.